A ƘIRGA MU, AMMA A RUFA MANA ASIRI

Duk magidancin da ke zaune a Hunkuyi, ko Gimi, ko Paki, in dai ya kwana biyu a duniya, ya san wannan baƙo. Ya kan zo da hantsi, jaka a rataye, yaron mai-unguwa na biye da shi. A dā takarda da fensir ya ke riƙewa, yanzu kuwa wata 'yar na'ura ce mai kama da allo. In an gaisa, an shimfiɗa masa tabarma a zaure, sai ya shiga tambaya: mutum nawa ke ci daga tukunyar gidan nan, gona nawa, buhu nawa aka samu bara, akwai shanu, akwai babur, wa ya yi ciwo, wa ya rasu. Kafin ya soma kuwa lalle sai ya faɗi magana guda, watau cewa duk abin da aka gaya masa asiri ne, ba mai ji, ba mai gani. A kan wannan alkawari mu ke so mu yi magana yau, domin malamin ƙidaya ne ya ɗauke shi a zaure, amma ba shi zai cika shi ba. Masu cikawa suna can ofis a Abuja da Kaduna, su ne waɗanda ke tattara amsoshin jama'a su jera su cikin jadawali, su buga wa duniya.

Doka dai ba ta yi shiru ba. Dokar Ƙididdiga ta 2007, wadda ta kafa Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa bayan an haɗe tsohon Ofishin Ƙididdiga na Tarayya da Rumbun Bayanai na Ƙasa, ta ce abin da aka karɓa daga mutum domin ƙididdiga amana ne, kuma ba a yarda a buga shi ta hanyar da za a gane mai shi ba, ko kai tsaye ko a fakaice. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta sa wannan cikin ka'idoji goma na ƙididdigar gwamnati, waɗanda aka tsara a 1994, babban zaurenta ya amince da su a 2014. A Yunin 2023 kuma aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanan Jama'a. To, madalla. Amma doka ta kan faɗi abin da aka hana ne kawai. Ba ta gaya wa akawun da ke zaune gaban kwamfuta ko wane gurbi na jadawali zai cike, wanne zai bari, in ya bar wannan kuma wanne zai bari tare da shi. Wannan aikin ƙa'idojin cikin gida ne, su ne kuwa mu ke kira ga Hukumar ta sabunta, ta rubuta su dalla-dalla, ta buga kowa ya gani.

Wani zai ce ina ruwan manomin rake na Makarfi da ƙa'idar jadawali? Ai kuwa da ruwansa, ya ma fi ɗan birni.

Mutanenmu ba yau suka fara tsoron ƙidaya ba, kuma ba jahilci ya sa su ba. A zamanin En'e, in aka ga malami da littafi yana bin gida gida, an san abin da ke biye: haraji ne a kan ko wane baligi, jangali a kan ko wace saniya. Shi ya sa Bafulatani ya kan kora rabin garke cikin daji in ya ji ana tafe, samari kuma su kwana a gona. Can Gabas ma boren matan Aba na 1929 daga ƙirga mata da dabbobi ya taso, don sun tabbata haraji za a ɗora musu. Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a Jihar Kaduna a 1979, amma wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu ya ke yi. Ga kuma al'adarmu ta asali, Bahaushe ba ya son a ƙirga masa 'ya'ya, ba ya faɗin abin da ke cikin rumbunsa, ya kan ce a bari dai, Alhamdu lillahi.

Yau kuwa abin tsoron ya wuce haraji. A watan Satumba 1 ga wata, shekarar 2023, 'yan bindiga suka faɗa wa masallata a ƙauyen Saya-Saya cikin Ƙaramar Hukumar Ikara, suka kashe mutane. Ita kanta Hukumar Ƙididdiga, a rahoton da ta fitar a Disamba 2024 game da laifuffuka, ta ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya sun biya kuɗin fansa sama da Naira tiriliyan 2 cikin shekara guda. Ko an yarda da wannan adadi ko an yi gardamarsa, kowa ya san masu satar mutane ba su zaɓen gida da ka. Bincike su ke yi, su san wa ya sayar da masara, wa ya sauke rake, wa ke da ɗa a Abuja. A irin wannan zamani, takardar da ta nuna wane gida ne ya fi samu a wata gunduma, ko da ba ta ambaci suna ba, ba mu san abin da ya raba ta da ɗan rahoton ɓarayi ba.

Bari mu bayyana yadda jadawali ke tona asiri, domin mutane da yawa, har da masu ilmi, suna tsammanin da zarar an cire suna shi ke nan an gama. A birni mai mutum miliyan watakila haka ne. A ƙauye kuwa sana'ar mutum ita ce sunansa. A ce an buga jadawalin masana'antu ƙaramar hukuma ƙaramar hukuma, aka zo kan Ikara aka rubuta masana'antar sarrafa tumatir, ma'aikata kaza, ciniki kaza. Wa ke buƙatar suna? Duk wanda ya san Ikara ya san wadda a ke nufi, an buɗe littafin kuɗinta ke nan a kasuwa. Ko a ce a wata gunduma ta Kudan akwai masu tarakta biyu kacal, jadawali ya ba da jimlar abin da suka samu a shekara. Ko wannensu ya san nasa, sai ya ɗebe daga jimla, abin da ya rage na abokin gasarsa ne. Shi ya sa ofisoshin ƙididdiga da yawa a duniya ba su buga gurbin da bai kai mutum uku ba, waɗansu ma biyar, waɗansu goma.

Amma ko ukun ba su isa ba a ko wane hali. A ce masu dafa mazarƙwaila ashirin ne a wani gari, ɗaya daga cikinsu shi ke da kusan dukan cinikin, sauran 'yan kama-ni ne. In aka buga jimla, to, kusan kuɗin wannan mutum ɗaya aka buga, kowa kuwa a garin ya san shi. Saboda haka masana suka ƙara wata ƙa'ida, cewa in mutum ɗaya ko biyu suka rinjayi gurbi da kashi mai yawa, a rufe shi, ko da masu amsa sun kai ɗari.

Rufewar ma tana da nata tarko. In akawu ya shafe gurbi guda ya sa tauraro a wurin, amma ya bar sauran gurabun layin da jimlarsu a ƙarshe, ai ɗan firamare ma zai yi ɗebewa ya fito da abin da aka ɓoye. Dole sai an rufe na biyu tare da shi, a layi da kuma a tsaye, a kuma duba kada wani jadawali a shafi na hamsin ya buɗe abin da aka rufe a shafi na goma. Haka nan in ofishi guda ya buga alƙaluma bisa gundumomin zaɓe, wani ofishin ya buga bisa ƙasar hakimai, iyakokin kuwa sun bambanta da ƙauye ɗaya tak, wanda ya ɗebe wannan daga wancan ya sami alƙaluman ƙauyen nan shi kaɗai. Mu da a ke yawan sāke mana iyakokin gundumomi da masarautu, wannan haɗari namu ne.

Akwai kuma wata hanya da ta fi waɗannan cin mutunci, ita ce in gurbi ya haɗiye kowa. A ce asibitin wata gunduma ya ba da rahoton wata cuta da mutane ke jin kunyarta, jadawali ya nuna matan da aka auna masu shekaru kaza su huɗu ne, huɗun duka an same su da ita. Ba a ambaci kowa ba. Amma wadda aka gan ta a layin awo ranar, aurenta ya shiga uku. A ƙasar da magana guda ta kan raba aure ko ta hana shi, ba a wasa da irin wannan.

Duk waɗannan tsofaffin hanyoyi ne, an san su tun a na lissafi da hannu. Abin da ya sa mu ke cewa lokacin sabunta ƙa'idoji ya yi shi ne kwamfuta ta sāke lissafin gaba ɗaya. A Amurka, a 1997, wata ɗaliba mai suna Latanya Sweeney ta sayi rajistar masu zaɓe ta wani gari a kan dala 20, ta gwama ta da takardun asibiti da aka cire wa sunaye, sai ga ta ta fito da takardar Gwamnan Jihar Massachusetts, William Weld. Daga baya ta nuna cewa ranar haihuwa, da jinsi, da lambar unguwa ta gidan waya sun isa a ware kashi 87 cikin ɗari na Amurkawa ɗaya bayan ɗaya. Ofishin ƙidayar Amurka kuma ya jarraba kansa da kansa. Ya ɗauki jadawalan da ya riga ya buga na ƙidayar 2010, ba wani abin ɓoye ba, ya sa kwamfuta ta warware su har ta sāke gina jerin mutane ɗaya ɗaya, sa'an nan ya gwama da bayanan da kamfanoni ke sayarwa. A 2019 ya sanar cewa ta wannan hanya ya tabbatar da ko su wane ne mutum miliyan 52, watau kashi 17 cikin ɗari na jama'ar ƙasar. Ofishin da ya fi kowa kuɗi da masana ke nan. Gani ga wane, an ce, ya ishi wane tsoron Allah.

Kada kuma a ce mu ba mu da abin gwamawa. Rajistar masu zaɓe a na manna ta a bango, a Nuwamba 2022 ma Hukumar Zaɓe ta sa ta a intanet domin dubawa. Tun Disamba 2020 aka umarci kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar ɗan ƙasa. Ga lambar banki, ga rajistar masu karɓar tallafi, ga jerin manoman da aka ba taki. Ko wanne shi kaɗai ba laifi, amma su ne duwatsun da mai mugun nufi zai taka ya haye. Duk ƙa'idar da aka tsara kafin waɗannan su wanzu ta tsufa, ko da mai tsara ta gwani ne.

Ba ɓarawo kaɗai ne abin tsoro ba, mu faɗi gaskiya ko da wannan jarida ta Gwamnati ce. A 1942, da yaƙi ya yi zafi, alƙaluman ƙidaya na unguwa unguwa sun taimaka wa hukumomin Amurka wajen tattara mutane 'yan asalin Japan, kimanin 120,000, aka tsare su a sansani. Gwamnatin da ta karɓi amana ba lalle ita za ta kasance a kan mulki ranar da wani zai nemi a buɗe ba. Mun lura ƙidayar 2006 ta bar tambayar addini da ƙabila. An yi haka ne don gudun rigimar siyasa, amma a jiha irin Kaduna ya kuma zama rufin asiri ga 'yan tsirarun gidaje da ke zaune cikin waɗanda ba nasu ba, a Kudu da Arewa baki ɗaya.

To, sai dai fa kada mai karatu ya ɗauka muna cewa a rufe kome. Wannan ma cuta ce, kuma mutanen Ikara da Makarfi da Kudan su za ta fara kamawa. A ƙidayar 2006 Ikara tana da mutum sama da dubu 190, Makarfi sama da dubu 140, Kudan sama da dubu 130, har yau kuwa a kan waɗannan tsofaffin alƙaluma a ke ɗora hasashe. Binciken talauci na 2022, wanda ya ce mutum miliyan 133 na fama da rashi ta fuskoki da yawa, ya tsaya ne a mazaɓar sanata. Watau an zuba Kudan da Makarfi da Ikara cikin ƙwarya ɗaya da Zariya da Sabon Gari, da Soba da Kubau da Lere. Ina shugaban ƙaramar hukuma zai gane daga nan ko Likoro ce ta fi buƙatar rijiyar burtsatse ko Doka? Ina zai san ko wace gunduma ce 'yan mata suka fi barin makaranta? Wanda ba a gan shi cikin alƙaluma ba, ba a ganinsa ranar rabo. Ƙidayar manoma da Hukumar ta yi a 2022, bayan shekaru kusan talatin ba a yi irinta ba, ta gano gidajen manoma sama da miliyan 40 a ƙasar nan. Irin wannan aiki amfaninsa shi ne ya sauko ƙasa, a san inda rake ya ke, inda tumatir ke ruɓewa don rashin mai saye.

Amurkawa ma da suka firgita, suka ɗauki sabuwar dabara a ƙidayar 2020, ta yayyafa wa alƙaluma ɗan ƙari ko ragi da gangan, sai ƙananan garuruwa suka yi kuka cewa an jirkita musu lissafi, har Jihar Alabama ta kai ƙara kotu a 2021. Ashe ba a samun rufin asiri kyauta, da wani abu a ke saye. Aikin ƙa'ida shi ne ta faɗi farashin a fili, ta ce a nan mun zaɓi mu rage daidaito kaɗan don mu tsare mutum, a nan kuwa ba haɗari, ga alƙaluma cif.

Dabarun kuwa ba sai mun ƙirƙiro ba. Kanada ta kan mai da ƙananan lambobi su ƙare da 0 ko 5. A ƙidayar Ingila da Wales ta 2021 an musanya waɗansu gidaje da suka yi fice da makamantansu na wata unguwa kafin a yi jadawali, aka kuma ɗan taɓa ƙananan gurabu. A nan gida ma muna da misali mai kyau. A binciken lafiyar iyali da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke gudanarwa, irin na 2018, a kan gusar da alamar wurin da aka yi tambaya a taswira, har kilomita 2 a birni, kilomita 5 a karkara, kaɗan daga ciki har 10, don kada a gane ƙauyen. A na kuma sa tauraro a gurbin da masu amsa ba su kai 25 ba, ko da ya ke wannan don gudun kuskuren lissafi ne, ba don asiri ba. Abin da aka iya yi a bincike guda a na iya mai da shi doka ga dukan jadawalan Gwamnati.

Abin da mu ke roƙo ke nan. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta faɗi mafi ƙarancin adadin da za a buga a gurbi, ta faɗi ƙa'idar rinjaye, ta wajabta rufewa ta biyu, ta kuma sa wani jami'i da zai duba ko wane jadawali ya sa hannu kafin ya fita, wanda in asiri ya tonu shi za a tambaya. Ta ware al'amura masu nauyi, watau dukiya, da dabbobi, da cuta, da waɗanda aka taɓa sacewa ko suka biya fansa, ta ce waɗannan ba za su sauko ƙasa da ƙaramar hukuma ba, amma yawan yara 'yan makaranta, da gidajen da ke da ruwa, da nisan asibiti, a sauko da su har gunduma. Malaman jami'a da ke buƙatar cikakken bayani, irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ke maƙwabtaka da mu, a ba su ta hanyar yarjejeniya a rubuce, su yi aikinsu a wuri tsararre, a duba abin da za su fita da shi. Ƙa'idar kuma ta hau kan kowa, domin doka ta ba Hukumar jagorancin tsarin ƙididdiga na ƙasa duka. Ba amfani Abuja ta kulle ƙofa alhali Hukumar Ƙididdiga ta Jiha, ko ma'aikatar lafiya, ko sashen gona na ƙaramar hukuma suna bin wata ƙa'ida dabam. A Disamba 2024 Hukumar da bakinta ta sanar an yi wa shafinta na intanet kutse. Wannan wata ƙofa ce dabam, amma ya isa tuni cewa akwai masu leƙe.

Wani abu kuma da ba a cika rubutawa a ƙa'ida ba, mu kuwa muna ganin ya kamata, shi ne zauren nan da muka fara da shi. Dagatai da masu-unguwanni sun cancanci godiya, ba don su ba da ba a buɗe wa malamin ƙidaya ƙofa ba. Amma yaron mai-unguwa, in ya gabatar da baƙo, ya koma waje ya jira. Ba a tambayar magidanci yawan shanunsa a gaban maƙwabta, sa'an nan a ce masa asiri ne. Kuma a guji ɗaukar ɗan unguwa ya ƙirga unguwarsu, a kai na Gazara Mayere, na Mayere a kai shi Gazara.

Sa'an nan a fassara ƙa'idojin da Hausa da Fulatanci da sauran harsunan jihar nan, a karanta a rediyo, a bayyana wa hakimai da limamai, a faɗa da babbar murya cewa abin da aka ba malamin ƙididdiga ba ya zuwa ofishin haraji. Wannan ya ƙara zama wajibi tun da aka sa hannu a kan sababbin dokokin haraji a Yunin 2025, maganar haraji ta koma bakin kowa a kasuwa. Mutumin da bai amince ba ba ya korar malami, karɓarsa ya ke yi da fara'a, ya ba shi ruwa, ya gaya masa rabin gaskiya. Malami ya rubuta, kwamfuta ta tara, Gwamnati ta yi kasafi a kan ƙarya, ba kuwa wanda zai gane.

Ƙidayar jama'a da aka shirya yi a Mayu 2023 an ɗage ta. An tsara ta ne da na'urorin hannu da taswirar da aka zana daga hotunan tauraron ɗan adam, watau za ta san wurin ko wane gida fiye da duk ƙidayar da aka taɓa yi a ƙasar nan. Muna kira ga Hukumar Ƙididdiga, da Hukumar Ƙidaya, da Hukumar Kare Bayanai su zauna tare su gama wannan aiki tun kafin a sa sabuwar rana, su kuma kira jihohi a ji ta bakinsu. 'Yan majalisar da ke wakiltar Makarfi da Kudan, da na Ikara da Kubau, su ma suna da ikon tambaya a zauren majalisa, su nemi a kawo musu ƙa'idojin a rubuce su gani.